Yadda Ake Gane Tsarin Wutar Injin Jirgin Ruwa da Yadda Ake Saita Shi

Injin fetur na jirgin ruwa abu uku yake nema kafin ya tashi: mai, matsi a cikin silinda, da tartsatsi a bakin fulogi a daidai lokacinsa. Wannan bayani a kan na ukun yake. Idan injinka na dizal ne, babu ruwanka da shi, domin dizal ba ya aiki da fulogi.

Ka riƙe abu guda tun kafin ka ɗauki sufana: taimin, wato daidai lokacin da tartsatsi ke fita a fulogi, ba ya gocewa haka kawai. Idan inji yana aiki lafiya jiya, yau kuma ya ƙi, to wani abu ne ya cinye, ko ya tsinke, ko ya yi tsatsa. Sabon shiga yakan fara da murɗa sukurorin taimin, ya tashi da matsala biyu a maimakon ɗaya. Shi ya sa a jerin nan taimin ya zo kusa da ƙarshe.

Kayan aiki

- Littafin gyaran injin, wanda ya dace da lambar samfurinsa. Lambar tana jikin wani ɗan faranti a wurin da ake ɗaure injin da bayan jirgi.
- Sufanar fulogi, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da filaya.
- Ma'aunin tazara, wato siraran ƙarafan nan masu lamba da ake kira filageji.
- Abin gwada tartsatsi, wanda ake iya buɗe tazararsa ko a rage.
- Mitar auna lantarki. Idan injin na CDI ne, wato mai rufaffen akwatin lantarki da ke ba da wuta, a haɗa da adaftar DVA mai kama ƙololuwar wuta.
- Fitilar taimin mai matse wayar fulogi.
- Abin cire fulawil (faifan ƙarfen da ke saman inji), da sufana mai auna ƙarfin ɗauri.
- Samfefa mai laushi, alli ko farin fenti, da tsumma mai tsabta.
- Durom na ruwa, idan ba a cikin ruwa za ka yi aikin ba.

Idan babu filageji, kaurin zarton ƙarfe ya kai kusan milimita 0.6, na katin ATM kuma 0.76. Za su fitar da kai a kan fulogi har ka iso tudu, amma ban yarda a saita kontak da su ba, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa don a sami tartsatsi.

Kafin ka taɓa komai: kada inji ya tashi ba ruwa, ko na daƙiƙa kaɗan, domin robar famfon ruwa takan ƙone nan take. Giya ta kasance a firi. Idan injin na cikin jirgi ne, buɗe murfin ɗakinsa ka kunna fankar fitar da iska na aƙalla minti 4, sannan ka sunsuna. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, kai kuwa tartsatsi za ka yi ta fitarwa.

1. Tabbatar cewa matsalar ta wuta ce

Matsa fam ɗin tiyon mai har ya yi tauri, buɗe kafar iskar tanki, ka duba ko ƙugiyar kashe inji tana maƙale a wurinta. Wannan 'yar ƙugiya mai igiya ta sa an kwance injuna da yawa a banza. Idan kana da ma'aunin matsi, auna kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tsakanin silinda da silinda ba aikin wuta ba ne, kuma babu saitin da zai gyara shi.

Yadda injin yake mutuwa ma yana faɗa maka wani abu. Wanda mai ya yanke masa yakan yi tari, ya ja, ya sake, sannan ya mutu a hankali. Wanda wuta ta ɗauke masa kuwa tsit yake yi lokaci guda.

2. Gane irin tsarin da ke gabanka

Cire murfin injin ka bi wayar fulogi da ido har inda ta fito. Inda ta kai ka, shi ne amsar.

Idan wayar ta shige ƙarƙashin fulawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke saman inji, kuma babu wani akwati a gefe, to maganeto ne mai kontak da kondensa. Koyil da kontak duk suna ɓoye a ƙarƙashin faifan. Tsofaffin ƙananan injunan Johnson da Evinrude haka suke har zuwa wajen tsakiyar shekarun 1970. Akwai waɗanda koyil ɗinsu yake waje amma kontak yana ciki, don haka ganin koyil a waje bai isa hujja ba, sai ka nemi akwatin.

Idan wayar ta ƙare a wani ɗan koyil a jikin inji, daga koyil ɗin kuma siririyar waya ta tafi wani akwati rufaffe mai wayoyi da yawa, to CDI ne. Yawancin injunan rataye, wato waɗanda ake ɗaurawa a bayan jirgi, masu bugu biyu da ke aiki yanzu irinsa ne. Maganadisun fulawil yana wuce wani koyil na caji a ƙarƙashinsa, a samu wutar da takan kai bolt 150 zuwa sama. Akwatin ya tara ta. Wani ƙaramin koyil, mai ba da umarni, shi ke cewa yanzu, sai akwatin ya sako wutar gaba ɗaya zuwa koyil ɗin fulogi. Ba ya buƙatar batir don ya ba da wuta. Batirin na juya sitata ne kawai.

Idan duk wayoyin fulogi sun taru a kan hula guda mai zagaye, to distiribita ce, kuma galibi a injin cikin jirgi ake samunta, irin su MerCruiser da Volvo Penta. Cire hular ka leƙa. In ka ga kontak da ɗan gwangwanin kondensa, tsohon tsari ne. In ka ga firikwensin lantarki kawai, sabon tsari ne.

Idan kuwa babu kabureta, sai allurai masu fesa mai da tarin firikwensin da babban akwatin kwamfuta, to kwamfutar ce ke saita taimin da kanta. A irin wannan aikinka ya tsaya a kan fulogi, wayoyi, batir da tsabtar soket. Galibi babu sukurun da za ka murɗa.

3. Fulogi

Cire su ɗaya bayan ɗaya ka jera su bisa tsarin silinda, don kowanne labarin silindarsa yake bayarwa. Ruwan ƙasa mai haske lafiya ce. Baƙi jiƙaƙƙe, ko mai ya yi yawa ko wutar ba ta da ƙarfi. Fari fat mai ƙuraje alamar zafi ce, ko mai ya yi kaɗan ko taimin ya yi gaba. Wanda ya fito wanke tas alhali sauran suna da launi, ruwa ne ke shiga silindarsa. In ka ga ɗigo-ɗigon alminiyam a bakinsa, kashe zancen saiti, fistin ne ke narkewa.

Sa fulogin da littafi ya ce, ba wanda zarensa ya shiga kawai ba. A fulogin NGK, in lamba ta hau fulogin ya fi sanyi, a na Champion kuma akasin haka ne. Harafin R yana nufin akwai abin rage hayaniyar lantarki a ciki, kuma injin mai kwamfuta ba ya son wanda ba shi da shi. Lambar ƙarshe tazara ce: BR7HS-10 na nufin milimita 1.0, shi kuwa B7HS ana barinsa a 0.6 zuwa 0.7. Lanƙwasa ƙarfen gefe kawai, kada ka danna na tsakiya. Akwai kuma fulogi mai shafaffen baki, marar ƙarfen gefe, a wasu injunan Mercury da Johnson. Shi ba a saita shi.

Fara ɗaura fulogi da yatsu har ya zauna, sannan sufana ta ƙara kamar rabin zagaye in sabo ne, ɗan kaɗan in tsoho ne. Kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.

4. Gwada tartsatsi

Mutane sukan jingina fulogi da jikin inji su ja igiya, su ga ɗan haske su ce wuta lafiya. Wannan gwaji yana yaudara. A fili, wutar da ba ta da ƙarfi ma tana iya tsallake milimita 1, amma a cikin silinda, inda iska take a matse, sai ta gaza.

Cire dukkan fulogi don injin ya juya da sauri, domin CDI yana son juyi wajen 250 zuwa 300 a minti kafin ya ba da wuta sosai. Haɗa wayar fulogi da abin gwaji, ka matse ɗaya gefen da jikin inji. A maganeto mai kontak buɗe tazarar milimita 6, a CDI kuma 9 zuwa 11. Tartsatsin kirki shuɗi ne, mai kauri, kana jin ƙararsa ƙyas-ƙyas a kowane juyi. Ja-ja siriri mai zuwa yana ɗaukewa bai ci ba.

Wayoyin da ba ka gwadawa ka haɗa su da jikin inji. Kada ka bar su suna reto, domin wutar da ba ta sami hanyar fita ba takan huda koyil ko ta kashe akwatin. Ka kuma nisanta gwajin daga ramin fulogi, tururin mai yana fitowa ta nan.

In babu abin gwaji, sami tsohon fulogi ka karye ƙarfen gefensa. Tazarar da ta rage ba ta kai ta littafi ba, amma ta fi ta fulogi lafiyayye nesa.

5. Idan wuta ba ta zo ba a injin CDI

Babu wuta a dukkan silinda: zare wayar kashe inji daga akwatin ka sake gwadawa. A Mercury, Johnson da Evinrude baƙa ce mai layin rawaya, a Yamaha kuma fara ce. Aikinta ta zubar da wutar a jikin inji idan an kashe, don haka in maɓallin ya sha ruwa ko wayar ta goge, injin a kashe yake kullum. In wuta ta dawo, ka sami mai laifi, kuma akwatinka lafiya. Kada ka taɓa sa wutar batir a wannan waya, akwatin zai ƙone a take.

In ba ta dawo ba, auna koyil ɗin caji da mai ba da umarni da mita, ka gwada da lambobin littafi. Auna turjiya kaɗai bai wadatar ba, koyil yakan nuna lamba mai kyau a sanyi ya gaza in ya ɗau zafi. Adaftar DVA ita ke kama ƙololuwar wutar da ke fita lokacin juyi, wadda mita ita kaɗai ba ta iya gani. Idan wutar da ke shiga akwatin ta cika amma ba ta fita, sannan ne kake da hujjar sayen sabo. Yana da tsada, kuma shi aka fi zalunta.

Babu wuta a silinda ɗaya kawai: musanya koyil ɗinta da na makwabciyarta. In matsalar ta bi koyil, shi ne. In ta tsaya a silindar, akwatin ne ko mai ba da umarni.

Kafin duk wannan, kwance kowace wayar da aka ɗaure da jikin inji, ka kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka mayar. Koren tsatsan nan da ke cin bakin waya, musamman a ruwan gishiri, yana kwaikwayon kowace irin lalacewa. Wayar da ta kumbura ko ta yi tauri kusa da baki, ta ruɓe daga ciki ko da robarta tana da kyau.

6. Cire fulawil da saita kontak

Sassauta notin sama, amma bar shi a kan zaren, daidai da bakin sandar inji. Ɗaura abin cirewa a ramukan kusoshi da ke saman faifan, kada kusoshin su nutse da yawa su huda koyil a ƙasa. Ƙara ɗauri, sannan ka ɗan bugi kan kusar tsakiya. Za ka ji ɓas, ya saki. Kada ka yi amfani da mai faratan da ke kama gefen faifai, yana lanƙwasa shi, kuma kada ka bugi faifan da guduma saboda maganadisunsa.

Fara duba ɗan makullin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke cikin tsagar sandar. Shi ke riƙe fulawil a daidai wurinsa. Idan farfela ta taɓa bugun dutse ko kututture, ko an bar notin sakwa-sakwa, makullin yakan yanke ko ya yi ɗan tsani a jikinsa. Faifan ya goce, taimin ya goce tare da shi. Injin da ke ba da wuta mai kyau amma yana fizge igiya daga hannu ko yana harbi ta baya, nan ake fara zarginsa, ko da na CDI ne.

Duba koyil. In jikinsa ya tsattsage, canza shi. Ƙafafunsa su zauna daidai da bakin faranti, kada su goga faifai.

Juya sandar har ɗan hancin kontak ya hau ƙololuwar tudun da ke tura shi. A nan ake aunawa. A tsofaffin Johnson da Evinrude tazarar milimita 0.5 ce, wato inci 0.020. Sassauta sukurun riƙo, ka matsar har filageji ya riƙa wucewa da ɗan ja kaɗan, ka ɗaure, ka sake aunawa, domin ɗaurin yakan motsa shi. A irin wannan inji tazarar ita ce taimin: in ta yi faɗi wuta ta yi sauri, in ta matse wuta ta makara. A inji mai silinda biyu, kontak biyun su zama daidai da juna, in ba haka ba silo, wato juyin inji a hankali ba tare da totur ba, ba zai taɓa kwanciya ba.

Fuskar kontak da ta yi rami a gefe ɗaya da tsiro a ɗayan, kondensa ce ta gaji. Canza su tare. In babu sabo, goge fuskar da samfefa mai laushi. Ko sabo ko tsoho, ja farar takarda a tsakaninsu har ta fito tas, domin maiƙon yatsa kaɗai yana hana wuta. Ɗigo ɗaya na mai a kan ɗan soson da ke shafa tudun ya isa.

Wajen mayarwa, bakin sandar da ramin faifan su kasance a bushe, ba mai ba giris. Ɗaure notin da ƙarfin da littafi ya faɗa.

7. Tabbatar alamar taimin gaskiya take faɗa

Lambobin da ke jikin fulawil digiri ne kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa, wurin da aka rubuta TDC ko 0. Ɗan mashin da ke nuna su yakan lanƙwashe ko a matsar da shi. Cire fulogin silinda ta 1, wadda ta fi kusa da fulawil a injin rataye, ka juya faifan ta hanyar da inji ke juyawa har TDC ta wuce mashin da kamar santimita 4. Saukar da abin tare fistin, wato kusar da ake ɗaurawa a madadin fulogi, ta ramin fulogi har ya taɓa kansa, ka kulle, ka yi alama a faifai saitin mashin. Ci gaba da juyawa a hankali ta wannan hanyar har fistin ya sake hawowa ya taɓa, ka yi alama ta biyu. Tsakiyar alamomin biyu ita ce TDC ta gaskiya. In ba ta faɗa a kan 0 ba, cire abin tarewar, ka kawo tsakiyar saitin mashin, ka riƙe faifan a nan, sannan ka matsar da mashin zuwa 0.

Wannan na inji mai bugu biyu ne. A mai bugu huɗu bawul na iya bugun abin tarewar. A can, ko in ba ka da kayan, sa fensir a ramin ka lura da inda ya daina hawa. Bai kai wancan daidai ba, amma zai nuna maka babban kuskure.

8. Saita taimin a injin rataye

A yawancin injuna masu kabureta, totur abu biyu yake ja: farantin da ke ƙarƙashin fulawil, wanda ke kai wuta gaba, da bakin kabureta. Dole wuta ta fara gaba kafin kabureta ta buɗe. Nemi ɗan layin da ke jikin tudun totur, ka tura totur a hankali. Bakin kabureta ya fara motsi daidai lokacin da layin ya zo tsakiyar 'yar tayar da ke binsa. In kabureta ta riga, injin zai shaƙe ya mutu da zarar ka ƙara totur. Mutane da yawa sukan wanke kabureta su sake wankewa a kan wannan.

Shafa alli a kan lambar da littafi ya bayar. Matse fitilar taimin a wayar silinda ta 1, inji ya ɗumama, ka haska faifan a silo. Ɗaure hannun riga, ka kula da wayar fitilar, faifan ba ya jira.

Taimin na cikakken gudu shi ne mai haɗari. A injuna da yawa yana tsakanin digiri 18 da 25, amma lambar injinka kaɗai za ka bi. Akwai sukurun da ke tare farantin a ƙarshen tafiyarsa, shi ake murɗawa, kuma sai inji yana kashe. Kada ka buɗe totur duka a firi ko a tudu ana ba shi ruwa ta tiyo, inji mai bugu biyu yana iya kubcewa ya ƙi mutuwa. Ana aunawa ne a cikin ruwa, da giya a ciki, wani yana tuƙi kai kana haskawa. Wasu littattafan sun yarda a auna da sitata: fulogi a cire, wayoyi a kan abin gwaji, faranti a ture zuwa ƙarshe. Lambar da za ka nema a wannan hanya takan bambanta da ta gudu da 'yan digiri.

In za ka kuskure, kuskure ta baya. Wutar da ta makara da digiri 2 ɗan gudu kawai za ta rage maka. Wadda ta yi gaba takan huda kan fistin, kuma ƙarar injin ba za ta bar ka ka ji ƙwanƙwasar gargaɗin ba.

9. Injin cikin jirgi mai distiribita

Duba cikin hula ko akwai tsaga, danshi ko siririn layin gawayi. Canza wayoyi ɗaya-ɗaya don kada jeri ya rikice. A injin GM mai silinda 8 jerin 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, a mai silinda 4 kuma 1-3-4-2, sai dai in injin mai juyawa ta baya ne, irin wanda ake samu a wasu jirage masu inji biyu.

In mai kontak ne, saita shi kafin taimin, domin taɓa kontak yana motsa taimin. A mai silinda 8 kusurwar rufewarsa, wato digirin da sandar distiribita ke juyawa kontak yana rufe, wajen digiri 30 ce. Sannan sassauta kusar gindin distiribita, ka juya jikinta kaɗan-kaɗan a silo har alama ta zo daidai. Juya ta sabanin yadda rotar ke juyawa yana kai wuta gaba. Ɗaure, ka sake haskawa, ka ɗan ƙara totur ka ga alamar tana tafiya gaba sumul. In ta tsaya cak, ƙarafan nauyin da ke ƙarƙashin faranti sun yi tsatsa. Wasu sababbin tsare-tsare, irin su Thunderbolt V da Delco EST, sai an haɗa wata waya ta musamman kafin a saita, in ba haka ba abin da fitila ta nuna ba shi ne tushen taimin ba.

Kada ka bar makulli a kunne inji ba ya aiki, kontak da koyil za su ƙone. Distiribitar mota kuma, ko ta shiga daidai, ba ta jirgi ba ce. Ta jirgi an toshe kafofinta da raga don kada tartsatsi ya fita ya haɗu da tururin fetur.

10. Gwaji a ruwa

Saitin silo na ƙarshe a cikin ruwa ake yin sa, da giya a gaba, domin ruwan da ke danne salansa yana rage juyi. Wanda ka saita a tudu yakan mutu da zarar an sa giya. Fita da irin kayan da jirgin ya saba ɗauka, ka buɗe totur a hankali har ƙarshe, ka duba ko juyin ya shiga iyakar da littafi ya bayar. In ya gaza alhali wuta da taimin suna daidai, duba farfela da ƙasan jirgi, kada ka koma kan sukurun taimin. Bayan gudun minti 10 zuwa 15, kashe injin ba tare da dogon silo ba, ka bari ya ɗan huce, ka cire fulogi ka sake duba launinsu. In ɗaya ya fito fari fiye da sauran, koma a hankali ka duba kaburetar wannan silindar kafin ka sake buɗe totur.